Aron Fuska

Litinin, 2 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma

An ƙi tallan.

Ranar Juma'a na rubuta shi, layi shida. Na karanta wa matata NyaMsiska sau biyu tana tsintar wake, ta ce ya yi. Matar da ta yi shekara arba'in da huɗu tana jin rubutuna, in ta ce ya yi, to ya yi. Yau na buɗe shafin ƙungiya na tarar da jan rubutu: tallanka ya saɓa wa ƙa'idojinmu na harkar kuɗi. Wace ƙa'ida? Ba su faɗa ba. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da Turanci, ban taɓa mayar wa yaro takardarsa ba tare da na nuna masa inda ya yi kure ba.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko na daina juya shi a kai. Ofishin rajista ya aiko wa ƙungiyarmu ta ajiya da lamuni ta malamai da wasiƙa. In talatin ga Yuni ta yi mambobinmu ba su kai ɗari biyu ba, za a karɓe lasisi, a zuba mu cikin wata babbar ƙungiya a Lilongwe, babban birnin ƙasa, inda ba wanda ya san fuskar kowa. Mu ɗari da arba'in da ɗaya ne, rabinmu da sanda muke zuwa taro. Watan jiya mun binne biyu. Sababbin malamai suna can makarantun ƙauye, ba sa sayen jarida, ba sa zuwa nan Mzuzu, amma kowannensu kansa na cikin waya. Shi ya sa kwamiti ya ce a yi talla a dandalin sada zumunta. Ni ne sakatare, ni ne mai Turanci, aka ɗora mini.

Mu goma sha ɗaya muka kafa ta a ɗakin malamai, ana ruwa, kwano na zuba. Hedimasta ba su ba ni ba. Sufeto ba su ba ni ba, yaran da na koyar aka bai wa. Wannan ƙungiya ce kaɗai abin da zan nuna in ce ga aikina.

Talata, 3 ga Yuni, da hantsi

Na kira 'yata Lusungu a Lilongwe. Tana ofis, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Adada, ku karanto mini." Haka take kirana, wato Baba. Na karanta. Ta yi dariya. "Ga shi nan. Kun ce riba tabbas. Na'urar ba ta son kalmar tabbas."

"Shekara talatin da ɗaya muna raba riba kowace Disamba, ko sau ɗaya ba a yi fashi ba. In wannan ba tabbas ba ne, mene ne?"

"Ni na sani, ku kun sani. Ita ba ta sani ba. Ku cire kawai."

"In cire gaskiya don a yarda da ni?"

"Adada, ina da taro."

Na cire. Na sa "kamar yadda aka saba". Na sake aikawa.

Laraba, 4 ga Yuni, da safe

An ƙi.

Alhamis, 5 ga Yuni, bayan azahar

Kwamiti ya zauna a ofis. Sanyi, yayyafi tun asuba, kowa da hular ulu. Shugabanmu Kumwenda ya ce ɗan ƙanwarsa ya ce hoton ne. Hoton ma'ajinmu ne, NyaHarawa, tana riƙe da takardun kwacha tana murmushi. Wai na'ura in ta ga kuɗi a hannu sai ta ɗauka 'yan damfara ne.

NyaHarawa ta ce, "Ni ce 'yar damfara? Ni da nake shugabar matan coci?"

Kumwenda ya ce, "Malam Zgambo, sa hotona mana. Malamai mata su yi ta layi har titi."

Ta ce, "Hotonka in suka gani sai su ɗauka tallan akwatin gawa ne."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Da na dawo gida na buɗe wayar, abin da ya fara fito mini wani yaro ne ya jingina da farar mota, yana cewa ka ba shi kuɗinka ranar Litinin ka karɓi ninki biyu ranar Alhamis. Nasa ya wuce. Nasa bai saɓa wa komai ba. Sau uku na gan shi kafin shayina ya huce.

Na sa hoton allo da alli.

Juma'a, 6 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

An ƙi. Amma yau akwai wurin ɗaukaka ƙara.

Na zauna na rubuta wasiƙa shafi uku, irin wadda aka koya mana, da gabatarwa da hujja da rufewa. Na kawo tarihin ƙungiya. Na kawo matan malamai da suka rasu, waɗanda da lamuninmu suka rufa ɗaki. Da na zo shigarwa, ashe akwatin layi huɗu yake ɗauka. Na yanke, na yanke, har abin da ya rage ya zama kamar roƙon bara. Na danna.

Kafin in ajiye wayar amsa ta zo. Mun duba ƙorafinka da kyau. Ban gama sauke numfashi ba, su har sun duba da kyau.

Asabar, 7 ga Yuni, da safe

Sabon saƙo. Masu tallan harkar kuɗi sai an tantance su. Suna son lasisin ƙungiya, da katin ɗan ƙasa na wanda sunansa ke kan lasisin, sannan ya nuna fuskarsa a waya, ya juya dama da hagu.

Lasisin na cikin jaka. Sunaye biyu ne a kai: na shugabanmu na farko, wanda ya rasu shekara tara ke nan, da na sakatare.

Ban aika ba. Sanyi ya yi yawa yau, yatsuna ba sa danna komai daidai.

Lahadi, 8 ga Yuni, bayan coci

Ni na karanta darasi na biyu. Na tsallake layi, abin da ban taɓa yi ba. Ba wanda ya lura sai NyaMsiska.

Ban aika ba.

Litinin, 9 ga Yuni, ƙarfe uku na rana

Na aika. Na ce watakila sunan dangi kawai za ta duba, Zgambo nan, Zgambo can.

An ƙi. Sunan da ke kan katin bai dace da sunan da ke kan lasisin ba.

A karo na farko sun faɗi dalili. Gara lokacin da ba sa faɗa.

Talata, 10 ga Yuni, da yamma

Lusungu ce ta kira da kanta, na tura mata hoton saƙon.

"Adada, ai wannan ba komai ba ne. Kati ya ce Yotamu, lasisi ya ce Lameck. Yotamu ba sunanku na gida ba ne? Haka kuka ce mana."

"Haka na ce."

"To kowa na da sunan gida da na makaranta. Ku je kotu gobe ku yi rantsuwa cewa mutum ɗaya ne. Minti goma. Ku ɗauki hoton takardar ku haɗa musu. Adada? Kuna jina?"

Na ce sabis ne ba kyau.

Saura kwana ashirin.

Laraba, 11 ga Yuni, da azahar

Na je kotu. Na sa kwat ɗin toka. Magatakardar da ke ba da rantsuwa ashe ɗalibata ce, 'yar Chirambo, yanzu har da furfura a gefen kai. Ta miƙe tsaye, ta kore mutum biyu daga benci.

"Malam! Ku ne? Har yau in na rubuta 'saboda haka' sai na tuna da ku."

Ta cike takardar da kanta. Cewa ni, mai rantsuwa, Lameck Zgambo da Yotamu Zgambo duk ni ne, mutum ɗaya, babu wani. Ta turo mini Littafi Mai Tsarki. Baƙi ne, bangonsa ya sha hannu har ya yi santsi.

Na ɗora hannu. Na ɗauke.

Na ce na manta tabarau a gida, kuma ba na sa hannu a abin da ban karanta ba.

Ta ce, "Ga shi nan rataye a wuyanku, Malam."

Na ce wannan na nesa ne. Na fito. Na tako da ƙafa har gida, ban hau komai ba, yayyafi na dukana.

Alhamis, 12 ga Yuni, da hantsi

Kumwenda ya zo gida bai ko aiko ba.

"Zgambo, ya rantsuwar?"

"Layi ya yi yawa."

"Layi? Kai da rabin kotun ɗalibanka ne?" Ya kalle ni ta saman kofin shayi. "To in abin ya gagara, a canja suna a lasisin, a sa nawa."

Na riga na tambaya. Wata uku ake yi kafin sabon lasisi ya fito. Na gaya masa. Ya ci guntun rogo.

"Ka san matar marigayi Ngwira ta tare ni a kasuwa? Ta ce in aka kai mu Lilongwe, wa zai saurare ta in rufin ya sake tashi. Kai dai ka yi wani abu, tsoho. Sa hannu ne fa kawai."

Kawai.

Alhamis, da yamma

NyaMsiska na tuƙa nsima, tuwonmu na masara, ta ba ni baya.

"Baban Lusungu, mai sunan yana nan da ransa. Awa uku ne a mota."

"Ban tambaye ki ba."

"Shekara arba'in da huɗu ba ka tambaye ni ba, ban ce komai ba. Yau na ce."

Ta kwashe, ta ajiye mini da ƙananan kifi da ganyen kabewa. Ban iya ci ba. Ba ta lallashe ni ba.

Juma'a, 13 ga Yuni, da sassafe

Ban taɓa rubuta wannan ba. Littafina ne, ba wanda zai sa mini maki.

A shekarar sittin da takwas mu biyu muka zauna jarrabawar aji takwas a ƙauyenmu bayan Bolero, ni da yayana. Shi aka zaɓa zuwa sakandaren mishan. Shi kaɗai a duk yankin. Ni sunana bai fito ba. Saura mako ɗaya ya tafi, amalanken shanu ya bi ta kan ƙafarsa. Babanmu ya ce gurbin ba zai lalace ba. Ya ba ni akwatin, da bargon, da farar rigar da aka ɗinka da faɗin kafaɗar wani. Ya ce in je in riƙe masa wurin, in amsa sunansa. Zango ɗaya. A lokacin ba hoto, ba komai, in aka kira suna ka ce na'am shi ke nan. Da yawa sun yi haka. Na san alƙali, na san likita a cikinsu.

Zango ɗaya aka ce.

Ƙafar ta warke kafin Ista. Hutun nan ban koma gida ba. Na ce ana buƙatata a gonar makaranta. Hutu na biyu ma haka.

A ƙauye ba wanda ke kiran babban mutum da sunan yanka. Tun da yayana ya haifi 'yarsa ta fari ya zama Baban Tiwonge, 'ya'yana ma da haka suka san shi. Ni kuma na zama Malam. Sunan ya zauna a takardu, ba wanda ya taɓa shi, sai shekarar da aka zo yin katin ɗan ƙasa. Dole kowa ya koma wurin dagacinsa. Yana gabana a layi. Da aka tambaye shi suna ya faɗa da ƙarfi, bai waiwayo ba. Da aka zo kaina, dagaci na zaune yana kallona, mutumin da muka yi kiwo tare. Na ce Yotamu.

Tun daga nan duk ofishin da na je, a kalli kati, a kalli takarda, a kalli furfurata, a buga hatimi. Mutum yana jin nauyin tsoho. Ita wannan aba ba ta jin nauyin kowa.

Na kira Lusungu na ce ta zo da mota gobe, za mu ƙauye. Ta ce wa ya rasu. Na ce ba kowa.

Asabar, 14 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

Mun je mun dawo.

Mun same shi a rumfar taba, zaune a kan buhu, yana ware ganye, masu kyau dama, masu tabo hagu. Ya rame. Hannunsa baƙi ƙirin da danƙon taba. Ya ɗago.

"A'a. Malam ne da kansa? Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Akulu yayana. Gaisuwa muka zo."

"Gaisuwa da kwat? Lusungu, 'yata, zo nan. Ke kin yi ƙiba, uban naki ya bushe. Ba ku ba shi abinci a birni?"

Matarsa ta kawo kujeru da kunun gero mai tsami. Aka tambayi kowa da kowa, har kaji. Aka zagi masu sayen taba. Ni ina ta juya kofi. Shi ya gaji da jira.

"Yotamu, faɗi abin da ya kawo ka, rana na tafiya."

Na faɗa. Ƙungiya, wasiƙa, talla, lasisi. Na yi ta zagaye kamar mai koyar da darasin da bai shirya ba. Na ce ana son katin wanda sunansa ke kan lasisin, da fuskarsa.

Ya ɗauki sanda, ya ja ƙafar ya shiga ɗaki, ya fito da gwangwanin madara. Ya buɗe, ya zaro katin a cikin leda. Bai ba ni ba. Lusungu ya miƙa wa.

"Ke mai idon yara, karanta mana."

Ta karanta a zuci. Ta kalli katin, ta kalle shi, ta kalle ni. Ta sake kallon katin.

"Adada babba, ku ne Lameck?"

"Haka uwata ta ce."

Kaza ta shiga tsakaninmu tana tsattsage. Ba wanda ya kore ta.

Ya ce, "Wancan karon suna ka ara. Yanzu fuska. In ka sake dawowa me zan ba ka, ƙafar? Ita ba ta da kyau."

"Ba don ni ba ne, Akulu. Akwai matan da..."

"Wancan ma ba don kai ba ne. Don gida ne. Na tuna." Ya koma kan buhunsa. "Mu ga tallan."

Lusungu ta buɗe masa a waya, ta ƙara girman rubutun. Na ɗauka zai ce a fassara masa. Ya goge yatsa a wando, ya ɗora a kan gilashin, ya fara karantawa da ƙarfi, a hankali, kalma bayan kalma, da irin lafazin malaman mishan na da, wanda ni na daɗe da yarwa. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. A layi na huɗu ya tsaya.

"Ƙungiyar malami ɗaya ce ko ta malamai da yawa?"

"Da yawa."

"To wannan ɗan waƙafin na sama, mai nuna mallaka, bayan harafin ƙarshe yake zama. Kai ka sa shi a gaba. Malam Mhango ya koya mana a aji bakwai. Kana bayan aji kana cin gyaɗa."

Na karɓi wayar na duba. Sau biyar na aika da tallan nan. Gaskiyarsa.

A gidan ba sabis, sai an hau surin da ke bayan coci. Na ce in riƙe shi, ya ce in riƙe kwat ɗina. Da sanda da gwiwa ya hau. Lusungu ta tsaya gabansa da waya, ni ina ƙasa. Ta ce ya cire hula, ya cire. Ta ce ya juya dama. Ya juya hagu. Ya ƙifta ido.

"Ita ke nan jarrabawar? Ta da ta fi wuya."

Da ya sauko yana haki, ya tambaye ni yaushe ne babban taron ƙungiya. Na ce ashirin da takwas ga wata.

"Zan zo. Shekara talatin da ɗaya ina sakatare, ban taɓa ganin wurin ba."

Na ce hanya ba kyau, ga sanyin Mzuzu.

"Ka aiko da kuɗin mota, Malam."

A hanyar dawowa Lusungu ba ta kunna rediyo ba. Wajen Ekwendeni ta tsaya ta sayi ayaba, ta ajiye a kujerar baya. Ba ta miƙo mini ba.

Lahadi, 15 ga Yuni, da rana

Ta koma Lilongwe tun kafin a tashi daga coci. Uwarta ta yi wa sallama.

Litinin, 16 ga Yuni, da safe

Ana dubawa.

Talata, 17 ga Yuni, ƙarfe goma na safe

An karɓa.

Kore ne rubutun. Mun tabbatar da kai, Lameck Zgambo. Ashe su an yarda su ce tabbas.

Na gyara waƙafin kafin tallan ya fita. Kumwenda ya kira yana ihu kamar an ci ƙwallo. "Tsohon banza, ashe ka iya! Me ka yi musu?" Na ce na bi ƙa'ida.

Juma'a, 20 ga Yuni, da yamma

Wayar ofis ba ta huta ba. Daga Chitipa, daga Nkhata Bay, daga makarantun da ban taɓa jin sunansu ba. Wata yarinya ta ce ita kaɗai ce malama mace a makarantarsu, ta tambaya ko da gaske ne ba sai ta san wani ba. Na ce da gaske ne. NyaHarawa ta kawo ƙosan ayaba ofis, tana rawa da kafaɗa.

Ya kamata in ji daɗi. Na duba ko'ina a jikina ban samu ba.

Na aika da kuɗin motar. Na yi tunanin kada in aika. Na rubuta nan don kada in yi wa kaina ƙarya daga baya.

Talata, 24 ga Yuni, da hantsi

Watakila ƙafar ta hana shi. Watakila ranar kasuwar taba ce. Watakila wasa yake yi, ai shi da ma haka yake, tun muna yara.

NyaMsiska ta wanke bargon baƙi ta shanya.

Alhamis, 26 ga Yuni, da yamma

Lusungu ta turo saƙo, na farko tun ranar. Ba gaisuwa. Wane lokaci za a fara taron?

Juma'a, 27 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Ya iso. Da kwat ɗin babanmu, wanda aka kawo daga Joni, birnin ma'adinan zinariya na kudu, tun kafin a haife mu, hannun ya yi masa gajere. Ya kawo wa NyaMsiska kaza da ƙullin wake. Ya zagaya falo yana kallon takardun shaidar da ke bango, ɗaya bayan ɗaya, hannu a baya. A gaban ta kwalejin malamai ya daɗe.

"Ashe har lambar yabo na ci."

Ya ci abinci sosai. Ya ce katifarmu ta yi laushi da yawa.

Asabar, 28 ga Yuni, bayan la'asar

An yi taron a zauren coci. Ban taɓa ganinsa cike haka ba. Yara da jakunkuna a baya, wasu tun jiya suke hanya. Ina kan tebur a gaba, gefen Kumwenda, ina ɗaukar rahoton taro kamar kullum. Shi yana benci na ƙarshe, kusa da ƙofa, Lusungu a gefensa. Ban san lokacin da ta shigo ba.

Kumwenda ya ce mun kai ɗari biyu da shida, lasisi ya tsira. Zauren ya ɗauka. Matar Ngwira ta yi guɗa har ta shaƙe. Da aka lafa ya ɗaga hannu.

"Wannan aiki na mutum ɗaya ne. Ya yi faɗa da na'ura sati biyu, ya kayar da ita. Ku sababbi ba ku san shi ba, sunansa kawai kuka gani a ƙasan talla. Lameck Zgambo, tashi a gan ka."

Na dafa tebur zan tashi. Sai na ji ƙarar benci daga baya, da sanda a kan siminti.

Kowa ya waiwaya. Yana tsaye, hula a hannu, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ba murmushi, ba fushi. Yana tsaye kawai, kamar yaron da aka kira a aji.

Kumwenda ya yi 'yar dariya. "Adada, ku zauna, ba ku ake nufi ba."

"Ni aka kira."

Kumwenda ya juyo gare ni. Mutum ɗari da wani abu suka juyo gare ni. Hannuna na nan a kan tebur. Zan iya cewa yayana ne, tsufa ne, a yi haƙuri. Da an yi dariya, da an wuce. Kalmomin har sun hau harshena, a jere, da kyakkyawan Turanci.

Na ce, "Shi ne."

Ban tashi ba. NyaHarawa ce ta fara tafi, ba ta san me take tafa wa ba, yaran suka bi ta. Tsofaffin ba su yi ba, ni suke kallo. Ya tsaya har tafin ya ƙare, ya ɗan sunkuyar da kai, ya zauna. Lusungu ta karɓi sandar ta riƙe masa.

Kumwenda bai yi mini magana ba bayan an tashi. Ya dai sanar cewa kwamiti zai zauna ranar Talata.

Na gama rahoton yanzu. Abu na bakwai: shugaba ya gode wa Lameck Zgambo, ya tashi, aka yi masa tafi. Ba ƙarya a ciki. A ƙasa, inda mai rubutu ke sa hannu, na daɗe riƙe da biro, sannan na rubuta Yotamu. Harafin farko ya fito a karkace, kamar na ɗan aji ɗaya. Na bar shi haka.